Yinin ɗalibin kiɗa a jami'a

Duk wanda na gaya wa cewa kiɗa nake karantawa a jami'a, tambaya biyu yake yi mini: ko gadonmu ne, sannan ko har zama aji ake yi a kan ganga. Ba gadonmu ba ne, mahaifina tela ne. Zama aji kuwa ana yi, har shekara huɗu, kuma ana faɗuwa jarrabawa.

Fannin ya daɗe a Najeriya. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961, daga baya wasu suka bi, irin su Ife da Uyo. A Legas akwai makarantar MUSON, ta ƙungiyar da aka kafa a 1983. Ni a wata jami'ar Kudu nake, kuma a ajinmu ni kaɗai ne Bahaushe.

Yinina yana farawa bayan sallar asuba, don ɗakunan atisaye ba su kai yawanmu ba, wanda ya riga shi ke samun fiyano. Dole kowane ɗalibi ya iya ta gwargwado, ko da kuwa sarewa ko jita ya zaɓa a matsayin babban kayan kiɗansa. Maɓallanta 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36. Abin da ake yi a ɗakin nan ba zai burge mai wucewa ba: hawa da saukar sauti ne, do re mi, hannun dama, hannun hagu, sannan a haɗa, ga na'urar ƙidayar bugu tana ta ƙyas-ƙyas. Gaɓa ɗaya ta kiɗa sai mutum ya yi ta maimaita ta har yatsu su haddace.

Darasin da muka fi tsoro shi ne horon kunne. Malam zai zauna a fiyano inda ba ma ganin hannunsa, ya buga ɗan gajeren kiɗa, ya ce mu rubuta abin da muka ji a kan layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kansu. Abokaina da suka tashi a ƙungiyar mawaƙan coci sun zo da kunnensu a buɗe, tun suna yara suke karanta do re mi. Ni kuma abin da na zo da shi bugu ne. Wanda ya girma yana jin kalangun mahauta da amadar mata, ba a koya masa inda tafi yake faɗawa.

Daga nan sai ilimin haɗa muryoyi huɗu, biyu na sama biyu na ƙasa, bisa ƙa'idojin da aka tsamo daga ayyukan Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750. Aikin ya fi kama da lissafi, da fensir da abin gogewa ake yinsa. A darasin tarihi muna bin Mozart da Beethoven, mu zo kan Fela Sowande da Akin Euba, da Kwabena Nketia na Gana wanda har yanzu ake karanta littafinsa na 1974 a kan kiɗan Afirka. Da la'asar sai atisayen taro, yau ƙungiyar mawaƙa, gobe ta gangunan gargajiya. Ƙarshen zango kuma mutum ya tsaya shi kaɗai a gaban malamai ya buga abin da ya koya, suna ba shi maki.

Inda karatun ya fi kama ni shi ne lokacin da aka ce kowa ya rubuta kiɗan garinsu. Na ɗauko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ina ganin mai tsarkiya ɗaya ba zai ba da wuya ba. Tsarin Turawa ya raba tsani ɗaya na sauti gida 12, kowane gida da maɓallinsa. Muryar Ɗan Maraya kuwa takan sauka a tsakanin maɓalli biyu, ta zame daga wannan zuwa wancan, inda takarda ba ta da gurbi. Kalangu ya fi haka rikici. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya sake ta ya sauka, yana bin karin maganar Hausa har ganga ta faɗi take. Wanda ba ya jin Hausa zai iya rubuta bugun daidai, amma maganar ta wuce shi. Sai da na ƙirƙiri alamomina, na sa kibiyoyi a saman layukan, na rubuta kalmomin a ƙasa.

A nan na ga giɓin da ke tsakanin Arewa da Kudu. A jami'o'inmu na Arewa ana nazarin Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Barmani Coge a sassan harsunan Najeriya, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan rayuwarsu da baitocinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Amma nazarin sautin kansa, yadda kotso ke amsa wa jagora, ko inda 'yan amshi ke shigowa, masu horon yinsa galibi suna Kudu, kuma yawancinsu ba su jin Hausa.

Ranar Asabar abokaina kan tafi buki ko situdiyo neman kuɗin abinci, ni ma nakan bi su. Wasu za su zama malamai, wasu su shiga badujalar soja ko ta 'yan sanda, wasu gidajen rediyo da kiɗan fim. Ni burina in koma gida da na'urar ɗaukar sauti da fensir, in durƙusa a gaban tsofaffin masu kotso da goge da algaita tun suna raye. Digiri zai ba ni hanyar rubutawa, abin da za a rubuta kuwa yana hannunsu.