Sallama a Ƙofar Zaure: Yadda Ƙaramar Na'ura Ke Buga Tarho

A unguwar PK5 ta birnin Bangui, inda Hausawa da Fulani da sauran Musulmi 'yan kasuwa suka daɗe da zama, Masallacin Koudoukou ne cibiyar jama'a. Nan ne Paparoma Francis ya kai ziyara ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Babban masallaci irin wannan yana da hidimar da mai sallah ba ya gani daga sahu: batirin lasifika, tankin ruwan alwala, da wutar da kan ɗauke ba sanarwa. 'Yar ƙwaƙwalwar lantarki irin ta allon Arduino, wadda ba ta cika tafin hannu ba, tana iya sa ido kan duk waɗannan. Amma ba ta iya kiran ladan ta faɗa masa, sai an haɗa ta da modem.

Zamansu irin na baƙo ne da yaron gida: na'urar ce baƙo, modem ne yaro. Baƙo ba ya kutsa kai ciki. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya fito ya amsa, ya kai saƙo, ya dawo da jawabi. Layin tarho shi ne cikin gidan: yana ɗauke da wuta kusan bolt 48, ita kuwa na'urar da bolt 5 take aiki, in ta shiga kai tsaye za ta ƙone. Kuma layin sauti yake ɗauka, don haka modem ne ke mayar da lambobi sauti ya wuce da su.

Waya uku ke tsakanin na'urar da modem: bakin wannan, TX, ya tafi kunnen wancan, RX, haka ma ɗaya ɓangaren, sai wayar ƙasa da suke tarayya a kai. Dole su daidaita saurin magana, misali 9,600. In tsohon modem ne mai RS-232, sai a sa MAX232 a tsakani ya daidaita ƙarfin wutar.

Ladabin sallamar kuwa kamfanin Hayes na Amurka ne ya shimfiɗa shi a 1981. Na'ura ta ce AT, modem ya amsa OK. Sai ta ce ATDT da lambar, wato “a yi mini sallama da mai gida.” Yaro ya dawo da CONNECT, “wai ka shigo”, ko BUSY, “wai yana tare da baƙi”, ko NO ANSWER, “ba ya nan.” An gama, ATH ya ajiye kan tarho.

A nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Sukan sa na'ura ta zuba umarni a jere ba ta saurari amsa ba, ko ta tsaya jira har abada, aiki ya cije. Mai tarbiyya in ya yi sallama sau uku shiru, juyawa yake yi ya dawo anjima. Haka za a rubuta wa na'ura.

Layukan tarhon gida na kamfanin Socatel kaɗan ne a Bangui. Jama'a sun koma wayar salula ta Orange da Telecel da Moov. Duk da haka modem mai cin sim, irin SIM800L, da wannan AT ɗin yake amsawa, kuma da AT+CMGS yake tura saƙon tes. Sai dai a ba shi wuta isasshiya, don yakan zuƙi har amfiya 2 lokacin aikawa.

Matasan PK5 masu gyaran waya, rabin aikin nan yana hannunku. Ku koyi sauran, masallaci da shagunan unguwa su amfana.