Saɓanin Nasara na Farko a kan Ranar Ƙare Azumi

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lokutan ibada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da ɗan'uwansa Annabi Isa ɗan Maryamu, da sauran manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, kowace shekara idan Ramadan ya zo ƙarshe sai kunnuwa su koma ga rediyo ana jiran labarin wata. Wani lokaci gari guda ya kasu biyu, wasu suna filin idi, maƙwabtansu suna riƙe da baki. A wannan zama za mu kawo muku labarin wata al'umma da ta riga mu shiga irin wannan hali, wato Nasara na farko. Kuma idan mun ce Nasara ba Turawa muke nufi ba, kamar yadda bakin mutanenmu ya saba; muna nufin masu danganta kansu ga Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma na farkonsu mutanen Falasɗinu ne da Sham.

Babban idinsu shi ne Faska, wanda ake ba da hutun ranar Litinin bayansa a nan Nijar. A cikinsa suke tunawa da abin da suka yi imani da shi, cewa an gicciye Annabi Isa ranar Jumma'a kuma ya tashi ranar Lahadi. Mu aƙidarmu a bayyane take cikin Suratun Nisa'i: ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Saboda haka labarin da za ku ji muna ba da shi ne yadda su suka ruwaito shi, mafi yawansa daga littafin tarihin coci na Yusabiyus, malamin Ƙaisariyya ta Falasɗinu, wanda ya rayu a ƙarni na 4 na miladiyya kuma an fassara littafinsa da Larabci.

Kafin wannan idi suna yin azumi. Tambayar da ta raba su ita ce: wace rana azumin zai ƙare? Nasaran Asiya Ƙarama, yammacin Turkiyya ta yau, suka ce ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ranar da Bani Isra'ila ke yanka ragon Faska, ko da ta faɗo Talata ko Alhamis. Nisan wata ne na ganin jinjiri, don haka daren nan farin wata ne cikakke. Nasaran Rum da mafi yawan sauran ƙasashe kuwa suka ce ba a buɗe baki sai Lahadi, ko nawa ne ga wata.

Kada ku ɗauka gardamar kwanan wata ce kawai. Tun zamanin Hawariyawa suke da tambaya a kan abin da ya rage musu na shari'ar Attaura, har suka yi zama a Baitul Muƙaddas wajen shekara ta 49 ko 50 a kan ko wajibi ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya idan ya shiga addinin. Zancen ranar 14 reshe ne na wannan tsohuwar tambaya. Amma abin da ya fi nauyi shi ne hujjar da kowane ɓangare ya riƙe, domin dukansu cewa suke yi: haka muka tarar da magabatanmu, su kuma daga Hawariyawa suka karɓa.

Wajen shekara ta 155 wani dattijo mai suna Bulikarbus, shugaban cocin Samirna, garin da ake kira Izmir yanzu, ya yi tafiya zuwa Rum ya sadu da shugaban cocin can, Anikitus. Irin wannan shugaba shi Larabawa ke kira usƙuf. Bulikarbus ya ce shi da kansa ya yi wannan idi tare da Yohanna almajirin Annabi Isa, kuma ranar 14 suke yi. Anikitus ya ce shi ba zai bar al'adar dattawan da suka gabace shi ba. Babu wanda ya rinjayi wani. Duk da haka Anikitus ya ba baƙonsa jagorancin ibada a cocinsa don girmamawa, suka rabu lafiya, kowa a kan ranarsa. Daga baya hukumar Rumawa ta kashe Bulikarbus a garinsu saboda addininsa.

Duk ɗalibin da ya karanci fiƙihun Malikiyya zai ji wannan hujja ba baƙuwa ba ce. Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, ya riƙi aikin mutanen Madina hujja, domin jama'a ce ta gada daga jama'a a garin da Annabi ya zauna. Da ya rubuta wa Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar, a kan haka, sai Laisu ya amsa masa da cewa sahabbai da yawa sun fita Madina sun watsu cikin ƙasashe, kowane gari ya koya daga wanda ya sauka a cikinsa. To haka Hawariyawa suka watsu, a ruwayar Nasara: Yohanna a Afisa, Bitrus a Rum. Kowane gari ya riƙe abin da yake ganin gadonsa ne.

Bayan kamar shekara talatin da biyar, wajen 190, sai aka sami usƙufin Rum mai zafi, sunansa Fiktur. Aka yi tarurruka a Falasɗinu da Rum da wasu yankuna, duk suka tsaya a kan Lahadi. Mutanen Asiya suka ƙi. Shugabansu Bulikratis na Afisa ya aika wa Fiktur wasiƙa, kuma wasiƙar nan abin lura ce, domin kaburbura ya lissafa masa. Ya ce Filibus yana kwance a Hirafolis tare da ƴaƴansa mata biyu, Yohanna yana kwance a Afisa, Bulikarbus a Samirna, kuma dukansu ranar 14 suke yi. Ya ce bakwai daga danginsa sun riƙe usƙufanci, shi ne na takwas, shekarunsa 65, kuma barazana ba ta firgita shi. Da wasiƙar ta iso, sai Fiktur ya rubuta wa ƙasashe cewa ya yanke cocin Asiya daga jama'a.

Wannan hukunci bai yi wa sauran shugabanni daɗi ba, har waɗanda suke tare da shi a kan Lahadi. Daga cikinsu akwai Iriniyus, usƙufin Liyon ta ƙasar Faransa ta yau, wanda asalinsa mutumin Asiya ne kuma ya ga Bulikarbus yana yaro. Ya rubuta wa Fiktur yana tuna masa abin da ya gudana tsakanin Bulikarbus da Anikitus. Ya ƙara da cewa ko tsawon azumin ba a haɗu a kansa ba: wasu yini ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye, wasu sa'a arba'in, kuma magabata ba su yanke zumunci a kan haka ba. A ganinmu Iriniyus ya fi Fiktur fiƙihu. Maganarsa tana tuna mana hadisin Kuraib da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ga watan Ramadan a Sham daren Jumma'a, a Madina kuwa daren Asabar, Ibnu Abbas ya tsaya a kan ganin Madina, kuma bai ce azumin Mu'awiya da mutanen Sham ya ɓaci ba.

Akwai wani abu da masu ilimin hadisi za su so ji. Wannan Iriniyus ɗin shi ne, wajen 180, ya jera sunayen usƙufan Rum ɗaya bayan ɗaya tun daga Hawariyawa har zuwa na goma sha biyu, don ya rufe bakin masu da'awar ilimin ɓoye da suka ce sun gada. Ka ga wani nau'i na isnadi ke nan. Sai dai isnadin kujera ne, wane ya gaji wane, ba isnadin magana ba, inda ake bin kowane lafazi a ce wane ya ji daga wane. Kuma Yusabiyus da kansa ya lura cewa wani marubuci na farko, Babiyas, ya ambaci Yohanna biyu, ɗaya Bahawariye ɗaya dattijo, kuma ana nuna kabari biyu a Afisa da wannan suna. Shi ya sa masana tarihi suke jayayya har yau a kan wanne Bulikarbus ya riska. Malamanmu sun keɓe wa irin wannan matsala babi guda, na masu ruwaya da sunansu ya zo ɗaya alhali mutanen daban ne.

Abin da hujja ba ta raba ba, sarauta ce ta raba. A shekara ta 325 sarkin Rumawa Ƙusɗanɗin ya tara usƙufai a Niƙiya, kusa da Istanbul ta yau. Babban abin da ya tara su shi ne maganar Ariyus a kan matsayin Annabi Isa, amma a nan ne kuma aka yanke cewa a riƙa yin idin rana ɗaya ko'ina, kuma a daina jingina da lissafin Yahudawa. Sarkin ya rubuta cewa bai dace ba wasu suna azumi wasu suna biki a yini guda. Masu riƙe da ranar 14 suka zama ƴan tsiraru, aka sanya su cikin ƴan bidi'a, alhali Bulikarbus da suke bi waliyyi ne a wurin kowa.

Haɗin ma bai ɗore ba. Da Fafaroma ya gyara kalanda a 1582, Nasaran gabas ba su bi shi ba wajen lissafin wannan idi. Don haka a mafi yawan shekaru Kibɗawan Masar da Nasaran Habasha suna cikin azuminsu a ranar da cocin Katolika na Yamai da Maraɗi ke bikin Faska. Maganar Ariyus kuwa za mu ɗauke ta a zama na gobe, in Allah ya kai mu.