Shin sharaɗin raba gardama a wajen kotu yana hawa kan wanda aka miƙa wa haƙƙin kwangila?

A ce wani ɗan kasuwa a Kontagora ya ƙulla yarjejeniyar kai wa wani kamfani buhun masara 2,000, aka kuma rubuta cewa duk saɓanin da ya taso za a kai shi gaban mai raba gardama maimakon kotu. Daga baya sai ya miƙa wa banki haƙƙin karɓar kuɗin domin biyan bashin da ke kansa. Idan kamfanin ya ƙi biya, shin bankin zai iya garzayawa Babbar Kotun Jihar Neja, da hujjar cewa bai sa hannu a yarjejeniyar farko ba?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a. Dokar raba gardama da sasanci da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 26 ga Mayu, 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa duk wanda ke neman haƙƙi ta hannun ɗaya daga cikin masu yarjejeniya a matsayin ɓangare na yarjejeniyar. Dalili kuwa shi ne, mutum ba ya miƙa abin da ya fi nasa. Haƙƙin yana tafiya ne tare da hanyar da aka amince a nema shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke irin wannan hukunci a 1997, a shari'ar jirgin ruwan Jay Bola, inda ta ce kamfanin inshorar da ya gaji haƙƙin ba shi da ikon kauce wa sharaɗin.

Sai dai sharaɗin ba ya aiki da kansa. Sashe na 5 na dokar ya tanadi cewa wanda aka yi ƙara ne zai roƙi kotu ta dakatar da shari'ar, kafin ko a lokacin da yake gabatar da martaninsa na farko kan ainihin rikicin. Idan ya yi sakaci, shari'ar za ta iya ci gaba.

Don haka wajibi ne duk mai karɓar haƙƙin kwangila ya nemi takardar asali, ya duba inda za a zauna, da yadda za a naɗa mai raba gardama, da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin zaman, kafin ya sa hannu.