Samari 36 da suka zaɓi yunwa da kansu: Abin da gwajin Minnesota ya bayyana game da buƙatun ɗan'adam

A watan Nuwamban 1944, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke dab da ƙarewa, wasu samari 36 suka tare a ɗakunan da ke ƙarƙashin filin wasan ƙwallo na Jami'ar Minnesota a Amurka. Lafiyarsu ƙalau, shekarunsu tsakanin 22 zuwa 33. Abin da ya kawo su shi ne su zauna da yunwa na tsawon wata shida, likitoci suna auna abin da za ta yi musu.

Babu wanda ya tilasta musu. Dukkansu mutane ne da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu ta hana su kashe rai, gwamnati ta tura su wasu ayyukan farar hula a madadin aikin soja. Da aka nemi masu sa kai, ɗaruruwa suka miƙa sunayensu.

Jagoran binciken, Dokta Ancel Keys, yana neman amsar wata tambaya ce ta gaggawa. Miliyoyin mutane a Turai da Asiya na fama da yunwa, kuma masana ba su san hanyar da ta fi dacewa a farfaɗo da wanda ya daɗe bai ƙoshi ba. Sai dai abin da aka fi tunawa da gwajin a yau shi ne yadda yunwa ta sauya tunanin mutanen da halayensu.

Cokali, faranti da littafin girki

A wata ukun farko an ciyar da su sosai, kimanin kalori 3,200 a rana. Daga watan Fabrairun 1945 aka zaftare abincin zuwa kusan rabi: sau biyu a rana, dankalin Turawa da kabeji da burodi da taliya, irin abin da ake samu a yankunan da yaƙi ya ɗaiɗaita. Duk da haka kowannensu sai ya yi tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 35 a mako. An tsara ne kowa ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa.

Jikinsu ya rame, ƙafafu suka kumbura, bugun zuciya ya ragu, suna jin sanyi har a tsakiyar lokacin zafi.

Amma abin da ya faru a zukatansu ya fi ba masu binciken mamaki. Samarin nan masu ilimi ne, da yawansu sun saba tafka muhawara kan siyasa da addini da makomar duniya bayan yaƙi. Cikin 'yan makonni hira ta koma ta abinci kawai. Wasu suka shiga tara littattafan girki suna karantawa har dare. Wasu kan tsiyaya ruwa a abincinsu don ya yi auki, su daɗe suna tsakura, su sid̃e farantin tas. Idan sun je sinima, labarin soyayyar bai dame su ba, wurin da ake cin abinci suke jira. Sha'awar mata ta gushe. Wasu sun kai ga tauna fakiti 40 na cingam a rana, har sai da aka taƙaita musu.

Haƙuri ma ya ƙare. Ɗan jinkiri a layin abinci kan jawo faɗa tsakanin abokai, daga baya mutum ya dawo yana jin kunyar kansa.

Bahaushe ya riga ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a shekara guda kafin a fara gwajin wani masani ya rubuta kusan hakan da harshen ilimi.

Dalar da Maslow bai zana ba

A 1943 ne Abraham Maslow, masanin halayyar ɗan'adam haifaffen birnin New York, ya wallafa maƙalarsa kan abin da ke motsa mutum ya yi abu. Ya kasa buƙatu gida biyar: na jiki kamar ci da sha da barci, tsaro, ƙauna da zama cikin jama'a, mutunci da girmamawa, sai kuma buƙatar mutum ya cimma abin da yake da baiwar zama. A ganinsa, buƙatar da ba a biya ba ita ke riƙe ragamar tunani. Wanda yunwa ta daɗe tana ci, in ji shi, babu abin da yake hange a matsayin kyakkyawar rayuwa face wurin da abinci ya wadata.

Samarin Minnesota sun gaskata wannan sashe ƙwarai.

Sai dai yawancin mutane sun san ra'ayin Maslow ne ta hanyar wani zane mai siffar dala, hawa biyar, abinci a ƙasa, cikar buri a ƙololuwa. Ana koyar da shi a kwalejojin ilimi da kwasa-kwasan shugabanci, ana cewa sai an gama da hawa ɗaya ake taka na gaba. Maslow bai taɓa zana wannan dala ba. Wasu masu bincike da suka bi diddigin zanen, suka wallafa sakamakonsu a 2019, sun gano shi ne a rubutun wani mai ba kamfanoni shawara, Charles McDermid, a wata mujallar kasuwanci ta 1960.

Shi Maslow ya yi gargaɗi a cikin maƙalar tasa cewa ba sai an biya buƙata ɗari bisa ɗari ba kafin ta gaba ta taso. Ya ce yawancin mutane suna rayuwa ne da kowace buƙata a biye rabi-rabi. Ya kuma ambaci mutanen da ke sadaukar da komai saboda abin da suka yi imani da shi.

A nan ne gwajin Minnesota ya ƙi shiga cikin dalar. Mutanen da hankalinsu ya koma kan faranti su ne dai suka ajiye ƙoshi da gangan, don su taimaki baƙin da ba su taɓa gani ba, kuma don su nuna cewa ƙin yaƙi ba tsoro ba ne. Suna yawo a gari, shaguna da gidajen abinci a buɗe. An samu waɗanda suka kasa jurewa suka ci a ɓoye, aka cire su, aka kuma kafa dokar cewa ba mai fita sai da abokin rakiya. Amma 32 daga cikin 36 sun kai ƙarshe. Yunwa ta ƙwace tunaninsu, ba ta iya ƙwace alƙawarin da suka ɗauka ba.

Abin da binciken baya ya ƙara

A 2011 masana biyu, Louis Tay da Ed Diener, sun nazarci amsoshin mutum fiye da 60,000 daga ƙasashe 123. Sun ga cewa buƙatun da Maslow ya lissafa suna nan a ko'ina, amma ba sa bin layi yadda dalar ta nuna. Samun abinci da matsuguni shi ya fi tasiri kan yadda mutum ke auna rayuwarsa gaba ɗaya. Jin daɗin yau da kullum kuwa ya fi ratayuwa ga zumunci da ganin ana mutunta mutum, kuma talaka na amfana da waɗannan ko da tukunyarsa ba ta cika ba.

Wannan ba ya nufin rashi ba ya cin mutum. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi, lokacin da kuɗi suka shigo. Mutanen nan dai, amma sun fi ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Masu binciken sun danganta hakan da yadda damuwar bashi da cefane ke cinye wani kaso na hankali. Duk manomin da ya taɓa ganin rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina, hatsi bai nuna ba, ya san wannan yanayi ba tare da an ba shi suna ba.

Darasin da ke ciki ya shafi malamin da ke ganin ɗalibi ya kasa mayar da hankali, da mai gidan da ke cewa yaronsa ya yi sanyi a aiki. Sau da yawa ana yanke hukunci a kan hali, alhali matsalar tana cikin ciki ko aljihu. Haka kuma wanda ke raba tallafi yana wulaƙanta masu karɓa, bisa tunanin cewa mai jin yunwa ba ruwansa da mutunci, ya karanta dalar ne a gurguje.

Bayan an dawo da abinci

Da yawa daga cikin samarin sun ce lokacin farfaɗowa ya fi lokacin yunwar wuya. An ƙara musu abinci kaɗan-kaɗan, ƙuncin zuciya bai tafi ba. A wannan lokacin ne ɗayansu ya datse yatsunsa uku da gatari yana faskare, kuma ya ce shi kansa ba zai iya rantsewa cewa kuskure ne ba. Da aka sake su su ci yadda suke so, wasu sun riƙa cin abin da ya kai kalori 10,000 a rana, suna cewa har yanzu ba su ƙoshi ba. Keys ya gano cewa ƙwayoyin bitamin ba sa farfaɗo da mai yunwa idan babu isasshen abinci, kimanin kalori 4,000 a rana.

Yaƙi ya ƙare kafin a kammala gwajin, cikakken rahoton mai mujalladi biyu bai fito ba sai 1950. Amma a 1946 an buga ɗan littafi don ma'aikatan agaji, wanda ya bayyana musu cewa saurin fushi da sanyin jikin da za su gani a wurin masu yunwa aikin yunwar ne.

Ɗaya daga cikin samarin, Max Kampelman, shi ne daga baya ya jagoranci tawagar Amurka a tattaunawar rage makaman nukiliya da Tarayyar Sobiyat daga 1985. Kusan shekara 60 bayan gwajin, masu bincike sun zanta da 18 daga cikin waɗanda suka rage a raye, dukkansu sun haura shekara 80. Mafi yawansu sun ce da za a sake neman masu sa kai, da sun sake miƙa sunayensu.