Koya Wa Yaronka Aiki, Ribar Taka Ce

A ƙasar Haɗeja, daga Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri, manomi mai ɗan hali ba ya aiki shi kaɗai. Yana da yaro mai tayar da injin ban-ruwa, da mai feshi, da masu dashen shinkafa. To, wa ya koya musu aikin? Sau da yawa babu kowa. Kaya kawai ake miƙa musu a ce su tafi fadama.

Mu ɗauki injin ban-ruwa. Kafin a tayar da shi, sai an cika cikin famfon da ruwa, an kuma duba baƙin mai. Idan ya yi ta gudu a bushe, robar cikinsa takan ƙone ya fara yoyo. Idan baƙin mai ya ƙare, injin ya buga ke nan. Koya wa yaro wannan bai wuce aikin hantsi ɗaya ba. Amma in ba a koya ba, sai inji ya kwana uku wajen bakanike a Haɗeja, alkama kuwa tana can tana jin ƙishirwa. Ga kuɗin gyara, ga asarar amfani.

Haka takin yuriya. Wanda bai sani ba yakan watsa shi a kan busasshiyar ƙasa, ƙarfinsa ya bi iska. Wanda aka koya wa yakan binne shi a ƙasa mai danshi. Buhu ɗaya ne, amfanin ya bambanta. Mai feshi kuma, in ya san rufe hanci da baki, ya san ba a feshi ana fuskantar iska, ya tsira da lafiyarsa.

Gwamnati ma ta bi wannan hanya. A shekarun 1980, lokacin da Haɗeja ke cikin Jihar Kano, hukumar KNARDA takan tara malaman gona duk mako biyu a koya musu darasin da za su kai wa manoma. Da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, JARDA ta gaji aikin. Ashe malami ma sai an ƙara masa sani.

Wasu iyayen gida sukan ce, in na koya masa zai gudu ya bar ni. Gaskiya ne, wani yakan tafi. Amma wanda ya zauna bai iya komai ba, shi ne mai cin dukiyarka kullum. Yaron da ya ga ana ƙara masa sani, ana kuma ɗan ƙara masa lada, bai cika son barin gida ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin a shiga noman rani. Ka gayyaci malamin gona ko bakanike ya nuna aikin a gonarka, kowane yaro ya gwada da hannunsa. Wanda bai iya karatu ba, a bar shi ya je aji da yamma, don ya iya karanta ma'aunin da ke jikin kwalbar magani.