Sugan Ciki Ba Ya Ƙarewa Ranar Suna

Ciwon sugan da ke kama mai juna biyu yakan bayyana tsakanin mako na 24 da na 28, lokacin da mabiyiya ke fitar da sinadaran da ke hana insulin aikinsa. Da an haihu mabiyiya ta fita, sugan yawancin mata yakan sauka. Daga nan aka samo maganar da ta zauna daram a gidaje da dama na Anguwan Rogo a Jos: "Ai na ciki ne, ya tafi tare da cikin."

Saukar sugan gaskiya ce, amma raunin yana nan. Cikin tona shi kawai ya yi: jikin da ya kasa fitar da isasshen insulin da nauyi ya hau kansa, zai iya sake kasawa idan shekaru da ƙiba suka taru. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu ga macen da ta yi sugan ciki ya ninka na sauran mata kusan sau bakwai. Cutar kuma ba ta sallama. Mace za ta shekara da shekaru tana jin garau, sai ƙishirwa da yawan fitsari ko gyambon ƙafa su kai ta asibiti bayan an yi ɓarna. Jin daɗin jiki ba shaida ba ce, gwajin jini ne shaida.

Haɗarin ya fi yawa ga wadda sai da aka yi mata allurar insulin, da wadda aka gano sugan tun cikin yana ƙarami, da mai gadon cutar, da wadda ta maimaita shi a ciki biyu.

Babban abin da ke hannun mutane shi ne ƙiba, kuma a nan jego ke yin ɓarna. Kunun kanwa da suga kamar ba a san kuɗinsa ba, shayi mai kauri safe da yamma, lemon kwalban 'yan barka, sannan zama wuri ɗaya har arba'in. Idan maijego ta yi ɓul-ɓul sai a yaba wa miji cewa ya iya kiwo. Ga wadda ta yi sugan ciki, wannan yabon cuta ne. In ta yi kwanika kuwa, ƙibar wancan cikin ba ta zube ba ta hau wata.

Likitoci suna son a sake gwaji tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, inda ake shan ruwan suga giram 75 a auna jini. Lokacin ya zo daidai da rigakafin jariri na mako shida, don haka babu uzuri; Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato duk a cikin gari suke. Ko sakamako ya yi kyau, a maimaita duk shekara ɗaya zuwa uku, da kuma kafin ɗaukar wani cikin.

Shayarwa tana rage haɗarin. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa rage ƙiba da motsa jiki, ko maganin metformin, sun rage kamuwa da kusan rabi ga matan da suka yi sugan ciki. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta wadatar, kuma kabeji da karas da ganye ga su jibge a kasuwar Farin Gada. Acca abinci ce mai kyau, amma ba magani ba ce; in an cika kwano ita ma tana ɗaga suga. Maigidan da ya iya sayen ragon suna ya biya kuɗin gwajin matarsa kafin ta fita arba'in.