Me ya sa man difaranshal ke komawa kamar koko?

Idan a-kori-kurarka na jigilar masara daga ƙauyukan Dayi zuwa Malumfashi ko Funtua, duba man difaranshal kafin lodin kaka. Difaranshal shi ne ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, mai ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki a kwana.

Da tafiya yakan ɗau zafi. Kana tsundumawa rafi da damina, iskar cikinsa ta huce ta takure, sai ta zuƙo ruwa ta 'yar ƙofar numfashin da ke samansa. Mai ya koma fari-fari kamar koko, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Daga nan sai kuka daga baya, sai tsatsa.

Wajen canji, fara kwance notin sama, kar ka tsiyaye mai ka tarar ya ƙi buɗuwa. Sannan na ƙasa. Goge garin ƙarfen da maganaɗisunsa ya tara, ka mayar. Zuba man giya GL-5, ba baƙin man inji ba, har ya kawo bakin ramin sama. Kaurinsa kuwa, ko 80W-90 ne ko wani, bi littafin motar.